Tsofaffin baitocin Seltik a bakin sababbin mawaƙa

A ƙarni na 9 wani ɗan zuhudu daga Ireland ya rubuta waƙa game da kyanwarsa mai suna Pangur Bán, inda ya kwatanta yadda take farautar ɓera da yadda shi yake farautar ma'anar kalmomi. Baitocin sun tsira a wani littafin hannu da ke ajiye a Austriya, amma babu karin da za a rera su da shi. Haka yawancin tsofaffin waƙoƙin al'ummomin Seltik na Ireland, Scotland da Wales suka iso wannan zamani.

Wannan giɓi ne masu tsara kiɗa suke cikewa, kuma sau da yawa siririyar muryar yara da mata suke zaɓa. Baitocin gajeru ne, suna magana a kan teku, tsuntsaye da addu'ar dare, don haka ba sa buƙatar murya mai nauyi. A 1953 Samuel Barber na Amurka ya fitar da Hermit Songs, waƙoƙi 10 ciki har da ta kyanwar, Leontyne Price kuma ta fara rera su a Washington.

Sai dai fassarar Ingilishi Barber ya ɗora wa kari, ta kyanwar kuwa W. H. Auden ne ya yi ta. A nan gardamar take: abin da mai sauraro yake ɗauka tsohon gado ne yakan ratsa hannaye da dama kafin ya iso kunnensa. Masana sun nuna cewa Alexander Carmichael ya gyara wasu daga cikin addu'o'in Gaelic da ya tattara a tsibiran Hebrides, waɗanda ya fara bugawa a 1900 da sunan Carmina Gadelica. Ita ma A Gaelic Blessing, wadda John Rutter ya tsara a 1978, ana danganta kalmominta da William Sharp, marubucin ƙarshen ƙarni na 19.

Michael McGlynn, wanda ya kafa ƙungiyar Anúna a Dublin a 1987, ya bi wata hanyar: da dama daga cikin ayyukansa da harshen Irish ko Latin ake rera su. Wannan zaɓi yana da nauyi, domin ƙidayar 2011 ta nuna mutum kusan 57,000 kacal ke magana da Gaelic a Scotland. Yaron da ya rera baiti da harshensa na asali dole ya koyi lafazin kowace kalma, ko da bai taɓa jin ta a gidansu ba.