GYARAN FARKO DA HIMMAR MARUBUCI

Ba kowane mai baiwar rubutu ne yake kai aikinsa ga maɗaba'a ba. Da yawa sukan fara da ɗoki, su rubuta shafi goma ko ashirin, sa'an nan su ajiye alƙalami har abada. In an bincika, sau da yawa ba rashin basira ne ya tsayar da su ba, kalmar da suka fara ji ce daga bakin wanda suka nuna wa daftarinsu, watau rubutun farko wanda ba a tace ba. Wannan takarda ta shafi malaman makaranta, da editoci, da iyaye, da duk wanda aka taɓa miƙa wa rubutu aka ce ya duba.

ME YA SA ABIN YA ZAMA MUHIMMI

Manufar Ilimi ta Ƙasa wadda Gwamnatin Tarayya ta fitar a 1977 ta ce a fara koya wa yaro karatu da harshen uwarsa ko harshen da ake ji a inda yake zaune. Irin wannan buri kuwa ba ya cika sai da littattafai, littattafai kuma ba sa samuwa sai da marubuta.

A dubi Kafanchan da kewayenta, a kudancin Jihar Kaduna. Garin ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa, ya tara kabilu iri iri, Hausa ta zama harshen kasuwa da hulɗa. Amma a ƙasar akwai Bajju na wajen Zonkwa masu harshen Jju, da Atyap na Zangon Katab masu harshen Tyap, da Ham na Kwoi, da mutanen Kagoro, da Fantswam na Kafanchan ɗin kanta. Masu iya rubuta waɗannan harsuna kaɗan ne ƙwarai in an gwada da masu magana da su. Saboda haka in mutum ɗaya ya karaya ya daina, asarar ta al'umma ce baki ɗaya. Tatsuniyoyin kakanni da tarihin gari suna iya tafiya tare da shi.

Har wa yau marubucin irin waɗannan harsuna yana da wata wahala ta musamman. A harshen Tyap, alal misali, akwai wasulan da babu su a Hausa, waɗanda ake nunawa da ɗan layi a ƙarƙashin harafi. Ga kuma bambancin kari tsakanin gari da gari. To, saurayin da ya kawo labarinsa na farko, in abin da ya fara ji shi ne ya manta layi a wuri talatin, ko kuwa a ce masa ba haka ake faɗa a garinmu ba, alhali ba wanda ya ce kome game da labarin kansa, da wuya ya sake kawo na biyu.

DARASI DAGA ZARIYA

Tarihin rubutun Hausa na boko yana da misali mai kyau na gyaran da ya gina mutum. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Mai Ruwan Bagaja, Malam Abubakar Imam, a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

East bai ɓoye masa aibin daftarinsa ba. Ya nuna masa cewa waɗansu labaran daga littattafan wasu aka ɗebo su, aka kuwa yi gyara kafin a buga. Amma tare da gyaran ya nuna masa a aikace cewa ya ga gwaninta a hannunsa. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya don ya yi rubutu, East yana duba abin da ya rubuta suna tattaunawa. Daga wannan zama aka sami Magana Jari Ce, littafi uku. A 1939 Imam ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da a ce an mayar masa da daftarin farko da kalmar wulakanci, wa ya san abin da Hausa za ta rasa?

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Binciken masana ya yi daidai da wannan. A 1982 wata malama a Amurka, Nancy Sommers, ta nazarci irin sharhin da malamai suke rubutawa a gefen takardun ɗalibai. Ta ga sukan haɗa gyaran harafi da waƙafi da gyaran ma'ana duka a daftari guda, ɗalibi ya rasa wanne ne babba. Sai ya bar abin da yake son faɗa, ya koma yin faci don ya gamshi malam.

A 1996 kuma masana biyu, Kluger da DeNisi, suka tattara sakamakon bincike masu yawa a kan yi wa mutum sharhin aikinsa. A jimlace sharhi yana da amfani, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen sai aikin ya ƙara lalacewa. Dalilin da suka bayar shi ne, duk lokacin da sharhi ya janye hankalin mutum daga aikin ya mai da shi ga kansa, ƙwazonsa yakan ragu. Wannan ya shafi zargi, ya kuma shafi yabon da ya wuce kima. Wanda aka ce masa ba shi da basira yakan karaya. Wanda aka ce masa ya gama ƙwarewa yakan daina gyara, ko ya ji tsoron sake gwadawa.

KOME DA LOKACINSA

Masu aikin fassara a kudancin Kaduna sun san amfanin bin abu daki daki. An buga Sabon Alkawari da harshen Jju a 1982, na Tyap kuma ya fito a 2015. A irin wannan aiki akan yi daftari, a karanta wa mutanen gari a ji abin da suka fahimta, sa'an nan kwamitin masu dubawa da gwanaye su tace, daidaita haruffa kuma ya zo daga baya. Mai duba rubutun ɗalibi ko na aboki zai iya bin wannan tsari:

1. Ya fara tambayar marubucin inda aikin ya kai, da irin taimakon da yake nema.

2. Ya karanta rubutun duka kafin ya ɗauki jan biro.

3. Ya faɗi abin da ya fahimta, ya nuna takamaiman wurin da ya yi kyau da dalilin kyansa.

4. Ya zaɓi babban gyara ɗaya ko biyu da suka shafi ma'ana da tsari. Ƙa'idojin rubutu su jira daftari na biyu.

5. Maganarsa ta tsaya a kan rubutun, kada ta taɓa mutuncin mai shi, ko garinsu, ko karin harshensa. Kada kuma a yi gyaran a bainar jama'a.

6. Kada ya riƙe daftari wata da watanni. Shiru ma yana kashe zuciya.

Shi kuma marubuci, kada ya yi gaggawar nuna aikin da shi kansa bai san inda ya dosa ba. Ya bari ya kai ƙarshe ko da a gurguje, sa'an nan ya zaɓi mai gaskiya wanda yake son ci gabansa. In gyara ya zo, ya tuna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ana roƙon shugabannin makarantu, da kwamitocin harsuna, da ƙungiyoyin marubuta na ko'ina cikin ƙasar nan, su karanta wa jama'arsu wannan bayani, su kuma yi aiki da shi tun daga daftarin da za a fara kawo musu.