Yadda Laka Ke Ƙara wa Zaiba Dafi

Mai haƙar zinare a Anka ko Bukkuyum ya san aikin zaiba. Yana zuba ta a cikin niƙaƙƙen dutsen da aka wanke, ta kama ƙwayoyin zinare ta dunƙule su, sannan ya ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi da hayaƙi, zinare ya rage. Hayaƙin yana cutar da mai shaƙar sa nan take. Amma akwai wata cutarwa mai tafiyar hawainiya, wadda take farawa bayan zaibar ta sauko ta kwanta a gindin rafi ko tafki. A can cikin laka, inda iskar oksijin ba ta kaiwa, wasu bakteriya suna liƙa wa zaiba ɗan guntun sinadari, kabon ɗaya da haidurojin uku, sai ta koma abin da masana ke kira metilmakuri.

Wannan ɗan ƙari yana sauya komai. Zaibar da ke narke a ruwa ba ta cika zama a naman dabba ba. Metilmakuri kuwa hanji yana tsotse fiye da kashi 90 cikin ɗari na wanda aka ci, ya bi jini ya shiga ƙwaƙwalwa, ya ƙetare mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Gansakuka ta sha daga ruwa, ƙwarin ruwa su ci gansakuka, ƙaramin kifi ya ci ƙwari, babba ya ci ƙarami, kowa yana gadon abin da na ƙasa da shi ya tara. Kafin a kai ga babban kifi mai cin kifi, yawan gubar kan ninka na ruwan da yake ciki sau miliyan ko fiye. Dahuwa ba ta fitar da shi, banda ma haka, don a tsoka yake maƙale.

Duniya ta san wannan guba ne daga Minamata ta Japan, inda aka gane cutar a 1956. Sai dai a can masana'antar Chisso ce ta riƙa zubar da metilmakurin da ya riga ya haɗu a cikin aikinta. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne kifayen tafkunan da ba su da masana'anta kusa, amma ga su cike da gubar. A 1969 masana biyu a Suwidin, Jensen da Jernelöv, suka nuna cewa halittun cikin laka ne ke haɗa ta. A 1985 kuma Compeau da Bartha na Jami'ar Rutgers suka nuna yatsa ga rukuni guda: bakteriyar da ke numfashi da salfet maimakon oksijin, masu sa taɓo warin ruɓaɓɓen ƙwai.

A nan Cynthia Gilmour ta shigo. Ba'amurkiya ce, ta yi digirinta na uku a Jami'ar Maryland, kuma daga baya ta daɗe tana jagorantar ɗakin bincike a cibiyar nazarin muhalli ta Smithsonian da ke Edgewater, a bakin gaɓar Chesapeake. Rayuwar aikinta kusan duka a kan tambaya ɗaya ta tafi: me ya sa tafkuna biyu za su sami zaiba daidai wa daida, kifin ɗaya ya zama haɗari, na ɗayan kuwa da sauƙi?

Amsarta ta farko ta fito a 1992, daga madatsar ruwa ta Quabbin a jihar Massachusetts. Ita da abokan aikinta sun ƙara salfet a lakar da suka ɗebo, sai haɗa metilmakuri ya ƙaru. Ma'anar wannan babba ce. Hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal yana ɗauke da zaiba, yana kuma ɗauke da farar wuta, wadda ke saukowa a ruwan sama a matsayin salfet. Wato bututu ɗaya ne ke aiko da zaibar da kuma abincin masu dafa ta.

Daga nan ta shafe shekaru a dausayin Everglades na jihar Fulorida, inda ruwa mai salfet ke gangarowa daga gonakin rake na arewa. Hankali zai ce inda salfet ya fi yawa, nan guba za ta fi yawa. Ba haka aka tarar ba. Bakteriyar idan ta yi numfashi da salfet, salfaid take fitarwa, shi kuma idan ya taru da yawa sai ya ɗaure zaiba ta yadda ba ta shiga jikin bakteriyar cikin sauƙi. Saboda haka kusa da gonaki, inda salfaid ya yi katutu, haɗin yana raguwa. Can nesa inda salfet ya yi kaɗan, bakteriyar ba ta da kuzari. A tsakiya ne abin ya fi muni. A ganina wannan ne mafi daraja a duk aikinta, domin ya hana mu sauƙin tunanin cewa gwada yawan zaiba a ƙasa kawai ya isa a san haɗari.

Duk da haka an yi fiye da shekara arba'in ba a san da wane makami bakteriyar ke yin aikin ba. Za ka ga iri biyu 'yan gida ɗaya, wannan yana haɗa gubar, wancan ba ya haɗawa, kuma babu hanyar ganewa sai an noma kowanne a kwalba an gwada. Mafi yawan halittun laka kuwa ba sa yarda su tsiro a kwalba. Gilmour tana da wani iri da aka ware daga lakar Chesapeake, mai lamba ND132, gwani wajen haɗa metilmakuri kuma mai sauƙin reno. A 2011 aka wallafa cikakken karatun DNA ɗinsa, wato kundin gadonsa baki ɗaya, tare da masanan cibiyar Oak Ridge ta jihar Tennessee. Su ma suna da dalilinsu: aikin makaman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 ya bar zaiba mai ɗimbin yawa a ƙasa da rafin garin.

Samun kundin bai ba da amsa kai tsaye ba, kamar a miƙa maka littafin hajar babbar kasuwa ne a ce ka nemo wanda ke sayar da abu ɗaya, ba tare da an faɗa maka sunan abin ba. Abin da ya taimaka shi ne wani tsohon bincike na Bartha, wanda ya nuna cewa furotin mai riƙe da sinadari dangin bitamin B12 na da hannu a ciki. Jerry Parks da abokansa suka yi amfani da kwamfuta suka nemi ƙwayar gadon da za ta iya gina irin wannan furotin, wadda take akwai a masu haɗa gubar, babu ita a waɗanda ba sa haɗawa. Suka sami biyu a jere, aka sa musu hgcA da hgcB. Ta farko ke miƙa wa zaiba guntun kabon ɗin, ta biyu ke sake ɗana ta farko don ta maimaita. Da aka cire su daga ND132 a ɗakin binciken Judy Wall na Jami'ar Missouri, haɗin ya tsaya. Mujallar Science ta buga sakamakon a farkon 2013.

Sunan Gilmour ba ya cikin marubutan wannan takarda, amma ita ta jagoranci gwajin da ya biyo baya a shekarar. Ta ɗauki halittun da kundinsu ya nuna suna da ƙwayoyin biyu, ta noma su, ta ba su zaiba. Duk suka haɗa gubar, har da waɗanda ba a taɓa tabbatar da su ba, irin masu fitar da iskar mitan a gonakin shinkafa da ramukan najasa. A 2015 aka binciki DNA na samfura fiye da 3,500 daga sassan duniya, aka ga ƙwayoyin a ƙanƙararriyar ƙasar arewacin duniya da ke narkewa, da sassan teku marasa oksijin, da cikin wasu ƙwari. A hanjin ɗan Adam kusan babu su, abin da ya kwantar da tsohuwar fargabar cewa ana haɗa gubar a cikin hanjin mutum.

Kada a zaci gwajin DNA ya maye gurbin shiga taɓo. Ganin hgcA a laka yana nuna akwai masu iya aikin. Yawan abin da za su haɗa ya dogara ga salfet, da ruɓaɓɓen ganye, da irin siffar da zaibar take ciki. Shi ya sa daga baya aikin Gilmour ya karkata ga magani: ta gwada zuba wani gawayi da aka sarrafa na musamman a kan gurɓatacciyar laka, ya riƙe zaiba da metilmakuri, ya rage shigarsu jikin tsutsotsi da ƙwarin da kifi ke ci.

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta sa haƙar zinare ta hannu a gaba wajen tura zaiba sararin sama, kusan kashi 38 cikin ɗari na abin da ɗan Adam ke fitarwa, har ta zarce kwal. Bala'in Zamfara na 2010 da ya kashe ɗaruruwan yara dalma ce ta jawo shi, ba zaiba ba, kuma dalmar aka fi bibiya tun daga lokacin. Zaiba kuwa ruwan damina na kwashe ta zuwa fadama da madatsun ruwa, wurare masu laka, ɗumi da ruɓaɓɓiyar ciyawa. A yankin Wanshan na lardin Guizhou a ƙasar Sin, inda aka daɗe ana haƙar zaiba, masana sun gano cewa mafi yawan metilmakurin da ke shiga jikin mutane ta shinkafa yake shiga, ba ta kifi ba, domin gonar da ruwa ya kwanta a kanta wata da watanni ita ma laka ce marar iska. Wanda ke shirin faɗaɗa noman shinkafa a ƙasan wuraren wankin zinare, ko a Zamfara ko a Ghana, ya kamata ya fara auna ƙwayar shinkafar da naman tarwaɗar wurin, ba ƙasar gonar kaɗai ba.