Mai Riƙon Mudun Wutar Lantarki

Ku sani kowace kasuwa tana da mudunta, kowane mudu kuwa yana da mai duba shi. Ran Lahadi in kasuwar Illela ta cika, baƙon da ya ƙetaro daga Birnin Konni ba ya kwance bakin aljihunsa sai ya ga an auna masa gero da tsororuwarsa. In rigima ta tashi, akwai shugabannin kasuwa, an san fuskarsu, an san ƙofar gidansu. Amma akwai haja guda wadda mai injin niƙa da mai walda da mai ƙanƙara su ke saye kullum, ba su ganin awonta, ba su kuma san wanda ya yanka mata kuɗi ba, watau wutar lantarki.

Har yau in an ɗauke wuta sai ka ji an ce NEPA, alhali kuwa NEPA ta daɗe da rasuwa. An kafa ta a 1972, aka rushe ta a 2005, kana a watan Nuwamba na 2013 aka sayar da sashen rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Ƙasar Sakkwato ta faɗa rabon kamfanin Kaduna Electric, tare da Kabi da Zamfara da Kaduna. To, da ya ke mai sayen wuta ba shi da ikon ya juya baya ya tafi rumfa ta gaba, sai dokar 2005 ta kafa hukuma mai tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, ita ce NERC, mazauninta Abuja. Ita ke ba da lasisi, ita ke yanka kuɗin wuta, ita ke horon kamfanin da ya saɓa. Aikinta ya yi kama da na muhtasibi a zamanin da, sai dai muhtasibi yakan taka ƙafa ya shiga kasuwa.

Wanda ya riƙi shugabancin wannan hukuma daga Disamba na 2020 zuwa 2025 shi ne Injiniya Sanusi Garba, mutumin Katsina. Ya yi karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙaro a Birmingham ta Ingila. Ya shugabanci kamfanin murza ƙarafa na Katsina, ya yi darakta a ma'aikatar wutar lantarki ta Tarayya, sa'an nan a 2017 ya shiga NERC a matsayin mataimakin shugaba. Ilmin sana'ar dai ba a rasa shi gare shi ba.

Ba ƙuri'a ce ta kai shi kujerar ba. Shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ne ya aika da sunansa, Majalisar Dattawa ta tabbatar, shi ke nan. Haka a ke yi wa dukan kwamishinonin bakwai. A wasu jihohin Amurka abin ba haka ya ke ba. A jihar Jojiya mutum biyar ne ke wannan aiki, jama'a ke zaɓensu da ƙuri'a, kuma a Nuwamba na 2025, bayan kuɗin wuta ya yi ta hawa, masu zaɓe suka kā da biyu daga cikinsu. Kowace hanya da aibinta. Zaɓaɓɓe yakan ji tsoron ƙara ko kwabo, ko da taransifoma na ƙonewa saboda rashin kuɗin gyara. Naɗaɗɗe kuwa kunnensa ya fi kusa da wanda ya naɗa shi.

Abin da Sanusi Garba da abokan aikinsa suka sa gaba shi ne kuɗin wuta ya bi awoyin da a ke samunta. An kasa masu saye kashi biyar: rukunin A awa 20 a kwana guda, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu na 2024 hukumar ta ɗaga kuɗin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, ta bar sauran inda su ke. Hujjarsu ita ce gwamnati ba ta iya ci gaba da cika giɓin kuɗin. Hujjar tana da ƙarfi, amma a nan ne mai hankali zai dakata. Kamfani ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa yakan kai hajarsa inda ta fi tsada. In wuta ta yi ƙaranci, unguwar da ke biyan kuɗin rukunin A a babban birni za a fara tunawa kafin garin bakin iyaka da ke ƙarshen waya.

Sai mas'alar mita, wadda ita ce ainihin mudun. Wanda ba shi da mita, kintace a ke rubuta masa a ƙarshen wata, ya sha wuta ko ya kwana cikin duhu. Ɗalibin da ya karanta babin ciniki ya san abin da malamai suka faɗa game da sayar da abin da ba a san gwargwadonsa ba. Tun a 2020 hukumar ta sa iyaka ga wannan kintace, a Fabrairu na 2024 kuwa ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda ƙetare iyakar. Wata guda kafin nan ta sauke shugabannin Kaduna Electric bisa bashin naira biliyan 110, ta naɗa mai riƙo. Wannan kam a yaba. Sai dai tara ba ta zama mita a jikin bangon tela ba, kuma takardar umarni daga Abuja takan gaji kafin ta iso Illela.

A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar wutar lantarki, wadda ta ba kowace jiha ikon kafa hukumarta ta karɓi wannan aiki daga hannun NERC. Inugu da Ekiti da Ondo suna cikin waɗanda suka fara a 2024. A 2025 hukumar Inugu ta sauko da kuɗin rukunin A zuwa naira 160, kamfanonin wuta suka yi ca a kanta. Ƙofar nan a buɗe ta ke ga Sakkwato kamar kowa. Can ma ba zaɓe a ke yi ba, gwamna ke naɗawa. Amma dokar da ke kafa hukumar jiha sai ta ratsa ta majalisar dokokin jihar, inda mutanen Illela ke da wakili wanda suka jefa wa ƙuri'a da hannunsu, kuma an san ƙofar gidansa.