Shin Ko Kun San? Bilkisu, Hijabi da Ƙwallon Kwando

A gidajen kallo na Gwarzo da Kabo, in ba Firimiya ba to Laliga. Masu musun Arsenal da Chelsea, ku ɗan sarara mana. Yau wasan mata ne, kuma da hannu ake yin sa.

Shin ko kun san a garin Springfield na jihar Massachusetts ta Amurka aka ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, kuma a garin aka haifi Musulmar da ta taimaka wajen tilasta wa shugabannin wasan sake doka? Sunanta Bilqis Abdul-Qaadir. Tsawonta ƙafa 5 da inci 4 ne kacal, kwandon kuwa ƙafa 10 yake daga ƙasa. Amma ta kammala sakandare a 2009 da maki 3,070. Kafin ita, babu namiji ko mace da ya taɓa tara haka a jihar. A shekarar Shugaba Barack Obama ya gayyace ta buɗe-baki a fadarsa.

Shin ko kun san ita ce mace ta farko da ta buga babban rukunin gasar jami'o'in Amurka da hijabi? Kai a rufe, riga mai dogon hannu, ƙafafu a suturce. Ta fara da Jami'ar Memphis, ta ƙare a Indiana State a 2014.

Daga nan ne gizo ya yi saƙa. Ta yi niyyar tafiya Turai ta zama ƙwararriyar 'yar wasa, sai ta tarar hukumar wasan ta duniya, FIBA, ta hana rufe kai a fili, wai gudun kada wani ya ji ciwo. Hujja ce marar ƙwari, domin shekaru ta yi tana wasa da shi a jami'a. Aka bar ta da zaɓi biyu, hijabi ko sana'a. Ta riƙe hijabinta, ta shiga fafutuka tare da wasu 'yan wasa Musulmai da mabiya addinin Sikh masu rawani. A watan Mayun 2017, a taronta na Hong Kong, FIBA ta janye haramcin, sabuwar dokar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba. Wasu suka ci moriyar nasarar. Ita lokacinta na tashe ya riga ya wuce, ta koma koyar da yara mata.

Shin ko kun san a wannan gasar ta jami'o'in Amurka, Caitlin Clark ta Jami'ar Iowa ta tara maki 3,951, ta karya tarihin maki 3,667 da Pete Maravich ya kafa a ɓangaren maza? Wasan ƙarshe na gasar mata ta 2024, wanda ƙungiyarta ta sha kashi a hannun South Carolina, mutum kusan miliyan 19 suka kalla a Amurka, fiye da masu kallon na maza. Kofin gasar jami'o'in dai bai taɓa shiga hannunta ba.

Mu dawo gida. Ƙungiyar matan Najeriya, D'Tigress, ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere: 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta doke Ostireliya da Kanada, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kwata fainal. Wadda ta horar da su a gasar Paris, Rena Wakama, da da yawa daga 'yan wasan, irin su Amy Okonkwo da Ezinne Kalu, jami'o'in Amurka ne suka rene su. Murjanatu Musa kuwa a gasar cikin gida ta yi suna, da ƙungiyar Air Warriors ta Abuja, kafin ta wuce Sifaniya da Faransa.

Shin ko kun san filin wasan mita 28 ne tsawo, 15 faɗi? Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai haɗiye irinsa fiye da goma. Shugabannin makarantun 'yan mata na Gwarzo da Kabo, ga lissafin: daɓen siminti, turaku biyu da kwandunansu, ƙwallo mai lamba 6 wadda ita ce ta mata, sai ɗalibai biyar-biyar a kowane ɓangare.