Romon Wake Da Ganye

Yau maganarmu ta tukunya ce.

Kai da ke zaune a ɗakin shan magani kana jiran malamin asibiti, dubi yaran da ke bayan uwayensu. Za ka ga wani gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, ba ya wasa, ba ya dariya. Mutane su kan ce maye ne ko iska. Ba haka ba ne. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a 1933 a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, sunansa kwashiyoko. Ya kan kama yaron da aka yaye aka bar shi da koko da tuwo kaɗai. Cikinsa ya cika, amma jikinsa bai sami abin ginuwa ba.

To, nama da ƙwai da madara su ke gina jiki, amma ba kullum a ke da kuɗinsu ba. Allah kuwa ya hore mana wake. Duk duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya nomansa, Nijar ke bi mata. Kusan kashi 1 cikin 4 na busasshen wake abin gina jiki ne, in kuma ya gamu da hatsi, kowanne ya kan cike abin da ɗan'uwansa ya rasa.

Mutanen Italiya suna da wani romo mai kauri da su ke kira minestirone, abincin talakawansu ne tun kaka da kakanni. Wake ne da albasa da karas da kabeji da tumatir da ɗan man zaitun, su barbaɗa taliya ko shinkafa. Ba shi da ƙa'ida, abin da lambu ya bayar shi a ke zubawa. Tumatir sai bayan 1492 ya isa Turai daga Amurka, amma irin wakenmu mai baƙin ido, wanda asalinsa na Afirka ne, tun zamanin Rumawa su ke cinsa. Ashe ba baƙon abu za mu koya ba. Abin da za a zuba duka akwai shi a kasuwannin Katsina, da rani ma ga kayan lambu daga Ajiwa da Jibiya.

Uwargida, ga yadda za ki yi wa mutum 6.

Auni wake gwangwanin madara 2. Ki tsince shi, ki wanke sosai, ki jiƙa tun dare. Da safe ki zubar da ruwan, ki sake sabo. Jiƙon nan ya kan rage kumburin ciki, ya rage cin itace. Waken da ki ka ji yana warin maganin ƙwari, kada ki dafa shi sam.

Ki ɗora shi har ya soma laushi. Kada ki cika kanwa, gama tana kashe wani bitamin da ke cikin wake. Waken da ya kwana a ruwa ba ya bukatarta.

A wata tukunya ki zuba man gyaɗa cokali 3, ki soya albasa 2 sama-sama. Ki zuba tumatir 4 da tattasai 1 da daddawa, sa'an nan karas 3 da ɓarin kabewa, an yanka ƙanana. Ki juye waken da ruwansa, ki ƙara ruwa ya sha kansu. In kabewa ta nuna, ki zuba tafi ɗaya na shinkafa ko taliya ko tsakin masara.

Ganye shi ne na ƙarshe, zogale ko alayyafo ko kabeji. Ki wanke shi da ruwa mai tsabta tun ba ki yanka ba, don ganyen lambu ya kan ɗauko ƙwan tsutsar ciki. Minti 5 ya ishe shi. Ganyen da ya daɗe bisa wuta har ya yi baƙi, amfaninsa ya ragu.

Gishiri kuwa a yi hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukan abincinsa. Dunƙulen ɗanɗano ma yawancinsa gishiri ne, in kin sa wannan ki rage wancan. Yawan gishiri shi ke haddasa hawan jini, hawan jini kuwa ya kan kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Kowane abu a tukunyar nan da aikinsa. Wake na gina jiki, shi da ganye suna ƙara jini, abin da mai ciki da mai jego ke bukata ƙwarai. Kabewa da karas da zogale suna tsare yaro daga dundumi, man da ki ka sa shi ke taimakon jiki ya karɓi amfaninsu. Matsa lemon tsami a kwano ya kan sa jiki ya fi ɗaukar abin ƙara jinin, shayi kuwa ya kan hana, saboda haka a jinkirta shi sai an jima da cin abinci.

Jariri nono kaɗai za a ba shi har wata 6. Daga nan ki ɗebi nasa kafin ki sa yaji da gishiri, ki dame shi lilis, ki ba shi a ƙoƙonsa shi kaɗai, nono kuma na nan. Abin da ya kwana, sai an sake tafasa shi.

Maigida, saura kai. Lokacin kaka kada ka kai wakenka duka kasuwa, ka bar na gida a buhun da iska ba ta shiga. Ka dasa zogale a bayan ɗaki.

Amma yaron da ƙafafunsa sun riga sun kumbura, romo kaɗai ba zai ishe shi ba. A kai shi asibiti yau, kada a jira gobe.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.