Tara Duwatsu da Sunayensu a Ƙasar Wurno, Raba da Goronyo

Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa mai tara duwatsu da mai tara kalmomi aikinsu ɗaya ne. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun kawo sunayen ma'adinai da yawa, amma ƙamus ba ya iya ɗora wa mai karatu dutse a tafin hannu.

A duba kalmar "ƙanƙara". Ita ce wadda ke zubowa tare da ruwan sama, ita ce kuma farin dutsen nan mai tauri da a ke ƙyastu da shi. Sai da gwaji a ke tabbatar da ta biyun: wuƙa ba ta karce ta, ita kuwa ta kan karci gilashi. Haka "dalma" ta ke. Yanzu ƙarfen nan mai laushi da nauyi a ke nufi da ita, amma Liruwen Dalma ta ƙasar Bauci da narka kuza ta yi suna.

Ita kuza baƙin yashi ce mai nauyi, ta ninka ƙanƙara nauyi fiye da sau 2. Mazauninta tsaunukan Jos, inda aka yi aikin tilas na haƙarta daga 1942 zuwa 1944. Wanda ya neme ta a bakin Gulbin Rima ya yi wahalar banza, domin ƙasar Wurno da Raba da Goronyo shimfiɗar yashi ce da laka, wadda teku ya bari fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce. Masana ƙasa ma sun raɗa wa waɗannan shimfiɗu sunayen garuruwa, watau Taloka da Dukamaje da Wurno. Abin da a ke samu a nan shi ne marmara, da tama, da yumɓu, da tsakuwar ƙanƙara wadda ruwa ya gangaro da ita ya goge ta sumul.

Saboda haka muna roƙon malaman kwalejojin horon malamai su sa ɗalibai su bi ƙa'idodi uku. Na farko, kowane dutse a naɗe shi dabam, a rubuta wurin da aka tsince shi da ranar. Na biyu, a nuna wa maƙeri ko maginiyar tukwane ko mahaƙin rijiya, a bar shi ya faɗi sunan da kansa, kada a sa masa magana a baki. Na uku, a rubuta sunan yadda ya furta shi. In Basakkwace ya ce "dutsi", kada a mai da shi "dutse".

Abin na bukatar hanzari. Maƙera sun daina narka tama tun da ƙarfen waje ya yawaita, dattawan da suka san irinta da sunayenta kuwa suna ta ƙarewa. Dutsen zai jira mu, mai sunan ne ba zai jira ba.