Akwatin amsa-kuwwa

In kun buɗe tsohuwar rediyo, za ku ga wani abu mai kama da ƙaramar malfa. Ita ce amsa-kuwwa, wasu kan ce mata lasifika. Abu uku ke gare ta: maganaɗisu, da nannaɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, da takarda mai kauri. In lantarki ya ratsa wayar, sai takardar ta yi ta rawa gaba da baya. Rawar ce ke tura iska, kunnenmu ya ji murya.

Amsa-kuwwa in ba akwati, muryarta siririya ce. Dalili kuwa, in takardar ta tura iska gaba, sai iskar ta zagaya baya, babbar murya ta ɓace. Shi ya sa ake yi mata akwati, ya raba gaba da baya.

A 1954, wani mutumin Amurka, Edgar Villchur, ya fito da ƙaramin akwati rufe ruf, mai babbar murya. Har yau wasu na kwaikwayon irinsa a gida. Sukan yanka katako mai kauri, su manne shi da gam, su cusa auduga ciki, su toshe kowace kafa. In iska ta samu hanya, aiki ya ɓaci.

Ku gwada: ku ɗora amsa-kuwwa bisa bakin tulu, ku liƙe gefenta da laka, ku saurara. Amma da rediyo mai batir kaɗai. Lantarkin gida yana kisa.

Tambayoyi
1. Mi ke sa takardar rawa?
2. Mi ne ne amfanin akwati?